DUTSE BAI SAN "RANKA YA DAƊE" BA



Akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki, yau ita na fito yaƙa, ko da wasu za su ji haushina. Duk ranar da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da wani babban mutum, tun wuta ba ta gama cin tarkacen ba mutanenmu sun kammala bincike a waya. Wasu su ce kashe shi aka yi, har sunan wanda ya biya kuɗin aikin suna da shi. Wasu su ce kwana ne ya ƙare, a yi addu'a kowa ya kama bakinsa. Bayan wata uku, ko shekara guda, masu binciken gaske su fito da rahotonsu, ba mai ko ɗaga kai ya duba. An riga an koma kan wata rigimar.

Ni a ganina ɓangarorin nan biyu, duk da kullum suna zagin juna, aiki ɗaya suke yi. Dukansu mutum ɗaya suke rufa wa asiri, wato wanda ya ce a tashi alhali yanayin sama ya ce kada a tashi. Kuma tunda kakar zaɓen 2027 ta ƙarato, jagororinmu za su fara hawa jiragen nan kamar yadda muke hawa adaidaita, gara mu yi maganar tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗauki abin da ya faru a Ghana, don shi ne mafi kusa da mu, kuma 'yan siyasa ne irin namu za su je taro irin namu. Ranar Laraba, 6 ga Agustan 2025, jirgin sojan saman Ghana samfurin Z-9 ya tashi daga Accra da safe zai je Obuasi, garin zinariya, inda za a yi taron gwamnati kan matsalar haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Bai isa ba. Ya faɗi cikin dajin da ke kan tuddan yankin Adansi Akrofuom a jihar Ashanti, saura kaɗan ya kai. Mutum takwas ne a ciki, ba wanda ya fita. Akwai ministan tsaro Edward Omane Boamah, da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, da muƙaddashin mataimakin mai kula da tsaron ƙasa Alhaji Muniru Mohammed Limuna, da mataimakin shugaban jam'iyya mai mulki Samuel Sarpong, da wani tsohon ɗan takarar majalisa, da sojoji uku masu aikin jirgin. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan dukkansu haƙuri.

Ku tuna abin da aka riƙa turowa a ranakun nan. Wannan ya ce masu haƙar zinariya ne suka harbo shi, wancan ya ce rikicin cikin gida ne. To a watan Nuwamba kwamitin bincike ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi abin da ya gano. Jirgin lafiyarsa ƙalau. Matuƙan ƙwararru ne. An ma jinkirta tashi na kusan awa guda saboda yanayi bai yi kyau ba. A hanya hazo da gajimare suka rufe su, sannan a daidai kan tuddai wata iska mai dannowa daga sama zuwa ƙasa ta ɗauke wa jirgin ƙarfin da ke riƙe shi, ya yi ƙasa farat ɗaya alhali injin na ba da ƙarfinsa yadda ya saba. Kwamitin ya ƙara da cewa jirgin ba shi da na'urar da ke yi wa matuƙi kuwwa idan ƙasa ko dutse ya tunkaro shi. Nawa ne daga cikin masu turo labarin harbi suka dawo suka turo wannan? Ku duba wayoyinku ku ba kanku amsa.

Wanda bai san yadda tsauni yake da jirgi ba zai ga kamar wannan bayani noƙe-noƙe ne. Shi ya sa nake so mu tsaya mu gane abin, don wanda ya gane ba a yi masa wasa da hankali.

Jirgi mai saukar ungulu da farfelarsa yake dukan iska ya danna ta ƙasa, ita kuma ta ɗaga shi. Iya kaurin iskar, iya ƙarfin ɗagawar. Yayin da ake hawa sama iska tana ƙara zama shara-shara, zafi kuma yana ƙara tsinka ta. Jirgin da ya ɗauki mutum takwas cikin sauƙi a bakin teku da sanyin safiya, in ka kai shi kan tudu da rana tsaka, farfela ba ta samun abin kamawa kamar da, injin ma numfashinsa ya ragu. Saboda haka mutum ɗaya da aka cusa a kan ƙa'ida, ko jakunkuna biyu da aka ce "ai ba nauyi", su ne ke cinye ɗan rarar ƙarfin da matuƙi zai nema a daƙiƙar da abu ya ɓaci.

Sai kuma halin iska da dutse. Iska in ta bugi tsauni hawa take yi ta gefen da ta fito, in ta tsallaka kan sai ta gangaro ta ɗaya gefen, wani lokaci da ƙarfin da ya fi ƙarfin hawan jirgi. Ido ba ya ganinta. Matuƙi yana tafiya daidai, hannunsa bai motsa ba, sai ya ga ƙasa tana tasowa. In a fili ne mai faɗi yana da tazarar da zai farfaɗo. A kan tudu tazarar 'yan mitoci ce. Kuma wannan hawan da iska ke yi shi ne ke haifar da gajimare nan take, don iska mai laima in ta hau sai ta huce, in ta huce sai ta zama hazo. Shi ya sa za ka bar gari rana tas, minti talatin a gaba ka tarar kan dutsen ya ɓace cikin fari. Na'urorin auna yanayi kuwa galibi a filayen jirgi suke, ba kowa a tsakiyar daji da zai bugo ya ce kada ku zo.

Mu yi lissafin 'yan firamare. Jirgin da ke gudun kilomita 220 a awa yana cin kusan mita 60 a kowace daƙiƙa. In hazo ya rage gani zuwa mita 200, daga ganin dutse zuwa haɗuwa da shi daƙiƙa uku ne da 'yan kai. Kafin ka gama cewa innalillahi an gama.

Abin da ya fi duk waɗannan ban tsoro a cikin kan matuƙin yake. Akwai tuƙi da ido, akwai tuƙi da na'ura. Mai tuƙi da ido yana kallon ƙasa da inda sama ta haɗu da ita, da haka yake sanin ko jirgi ya karkata. In gajimare ya rufe shi, sai jiki ya koma dogaro da wani ruwa da ke can cikin kunne, wanda shi ne ke gaya wa ɗan Adam yana tsaye ko ya jirkice. Ruwan nan kuwa maƙaryaci ne a sama. In jirgi ya ɗan jima yana karkata a hankali, sai ya kwanta ya ce maka komai daidai. Ka miƙe jirgin, ya ce maka ka karkace. Mutum sai ya rantse yana hawa alhali gangarowa yake. Duk wanda ya taɓa yin hajijiya yana yaro ya tsaya ya ga ƙasa na juyawa ya ɗanɗana kaɗan daga ciki. Maganinsa ɗaya ne, ka ƙaryata jikinka ka gaskata agogunan da ke gabanka, kuma wannan sai da horo na kullum da jirgin da aka tanada don haka.

Kada wani ya ce wannan matsalar jiragen Afirka ce. Ranar 26 ga Janairun 2020 jirgi samfurin Sikorsky S-76 ya daki tudu a Calabasas ta jihar Kalifoniya a Amurka, ya kashe shahararren ɗan ƙwallon kwando Kobe Bryant da 'yarsa da wasu mutum bakwai. Matuƙin ya yi sama da awa 8,000 yana tuƙi a rayuwarsa. Injinan suna aiki. A safiyar nan hazo ya yi yawan da 'yan sandan Los Angeles suka ajiye nasu jiragen. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano cewa ya kutsa cikin gajimare yana tuƙi da ido, kansa ya juya, har ya gaya wa masu kula da zirga-zirga cewa yana hawa zuwa ƙafa 4,000 a daidai lokacin da jirgin ke surmiyowa ƙasa. Hukumar ta kuma ambaci wani abu da nake so kowane ɗan siyasa ya haddace: mai yiwuwa matuƙin ya matsa wa kansa lamba ne don ya kai babban baƙonsa inda za shi. Ba a samu shaidar cewa wani ya tsawata masa ba. Nauyin mutumin da ke zaune a baya kawai ya isa. To ina ga inda ake tsawatarwar?

Ga namu na gida. Ranar 9 ga Fabrairun 2024 da daddare, Herbert Wigwe shugaban rukunin bankin Access, da matarsa, da ɗansa, da Abimbola Ogunbanjo tsohon shugaban rukunin kasuwar hannun jari ta Najeriya, da matuƙa biyu, suka rasu a hamadar Mojave mai duwatsu, a hanyarsu daga Palm Springs zuwa kusa da Las Vegas. Kun tuna irin labaran da aka ƙaga a ƙasar nan, har da masu lissafa waɗanda za su ci gado. A watan Mayun 2025 NTSB ta fitar da rahoton ƙarshe. Matuƙi ya ci gaba da tuƙi da ido cikin dare ga ruwa da ƙanƙara, kansa ya juya, jirgi ya ƙwace. Na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ta lalace tun kafin a ɗauko fasinjojin, an sani, an taɓa gyara bai yiwu ba, aka tashi a haka. Hukumar ta ɗora wa kamfanin laifin sakaci wajen sa ido. Wannan fa a Amurka ke nan, kuma fasinjan mutum ne da zai iya sayen jirgin da kamfanin gaba ɗaya.

A Indiya ma haka. Ranar 8 ga Disambar 2021 jirgi samfurin Mi-17 ya faɗi a tsaunukan Nilgiri kusa da Coonoor da babban hafsan tsaron ƙasar, Janar Bipin Rawat. Mutum 14 ne a ciki, duk sun rasu. Binciken sojan ƙasar ya kore zagon ƙasa, ya kore lalacewar inji, ya ce yanayi ne ya sauya a cikin kwari, jirgi ya shiga gajimare, kan matuƙi ya juya, ya kai lafiyayyen jirgi ga dutse. Ƙasashe daban-daban, jirage daban-daban, masu bincike da ba su haɗa komai ba, amma labarin kusan ɗaya: tudu, da hazo, da tafiyar da aka ga ba za a iya fasawa ba.

Na san abin da masu cewa makirci ne za su ce. Za su ce kai yaro ne, ba ka san duniya ba, ai ana kashe shugabanni a sama. Ana yi mana. Ranar 6 ga Afrilun 1994 an harbo jirgin shugaban Ruwanda Habyarimana a Kigali, kuma kowa ya san bala'in da ya biyo baya. Ba wanda ya ce a cire zagon ƙasa daga lissafi, masu bincike ma da shi suke farawa. Amma harbi yana barin huda a jikin ƙarfe. Bam yana barin burbushin sinadari, kuma yana watsa tarkace ta wata siga daban da ta jirgin da ya daki ƙasa da ƙarfinsa. Injin da ke juyawa lokacin da ya bugi dutse, karyewarsa daban da ta wanda ya riga ya mutu a sama. In jirgin yana da akwatin naɗar bayanai, ana jin maganar matuƙa ta ƙarshe, ana ganin abin da kowace na'ura ta nuna. Waɗannan su ne hujja. Kai me ka riƙe? Saƙon murya da wani ya turo daga wani wanda shi ma turo masa aka yi?

Za su kawo maganar shugaban Iran Ebrahim Raisi, don ita ce babbar madogararsu. Ranar 19 ga Mayun 2024 yana dawowa daga buɗe madatsar ruwa a kan iyakarsu da Azarbaijan, jirginsa samfurin Bell 212 ya faɗi a tsaunukan yankin Varzaqan, tare da ministan harkokin waje Hossein Amir-Abdollahian. Jirage uku ne a ayarin, biyu suka isa lafiya. Hazo ya yi kaurin da masu ceto suka kwana suna nema, sai washegari aka kai ga tarkacen. A watan Satumba rundunar sojan Iran ta ce hazo mai kauri ne ya taso kwatsam jirgin ya daki dutse, kuma ba ta ga alamar zagon ƙasa ba. Mutane da yawa ba su gamsu ba, kuma na gane dalili: sojoji ne suka binciki kansu, suka ba duniya taƙaitaccen bayani. To ai wannan hujjata ce. Inda aka rufe ƙofar bincike, nan jita-jita ke yin ƙiba. Rahoton Kobe da na Wigwe suna nan a intanet, duk mai so ya sauke ya karanta, ya ga inda zai ƙaryata in zai iya. Mai zargin makirci da gaske, abin da ya kamace shi shi ne ya fi kowa ɗaga murya a buɗe rahoto. In ya tsaya a kan ƙirƙirar labari, ya sauƙaƙa wa mai sakaci, don an ɗauke ido daga kansa an mayar kan wani dodo da ba a gani.

Su kuma masu cewa ƙaddara ce a yi shiru, ina girmama niyyarsu, amma ban yarda da inda suka tsaya ba. Wa ya musa ƙaddara? Ba mai wuce ranarsa. Sai dai malamanmu tun muna allo sun koya mana cewa riƙo da sababi ba ya karo da tawakkali. Direban da ya san birkinsa ya tsinke ya loda fasinja daga Kano zuwa Zariya, in ya kashe mutane ba ma cewa ƙaddara ce mu sallame shi ya ɗauko wata motar. Muna yi wa mamatan addu'a, shi kuma mu tambaye shi. Me ya sa in abin ya zo kan jirgi da manyan mutane sai tambaya ta zama rashin imani? Ƙa'idar da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta shimfiɗa ma cewa ta yi manufar binciken haɗari ita ce hana aukuwar wani, a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma a yi ƙoƙari ya fito cikin shekara guda. Wato don masu rai ake yi. Wanda ya ce a rufe maganar, waɗanda za su hau jirgi na gaba ya cuta.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ta fi ɗaci. Duk wanda ya taɓa aikin shirya taron siyasa ya san mutumin da zan siffanta. Yana da waya biyu, babbar riga ta sha sitaci, shi ne mai kula da tafiyar oga. An tara jama'a tun ƙarfe tara, makaɗa sun gaji, mata sun fara tafiya. Matuƙi ya ce hanya ta rufe, a jira. Sai ka ji shi yana ɗaga murya: "Kai ka san ko wa za ka ɗauka? Mun biya fa! In ba za ka iya ba akwai wani kamfanin." Na ji irin wannan da kunnena, ba sau ɗaya ba. Matuƙin nan ma'aikaci ne, yana da iyali, kamfaninsa na son kwangilar kamfen gaba ɗaya. An sa shi ya zaɓa tsakanin abincinsa da abin da iliminsa ya gaya masa. Ranar da aka tashi aka isa lafiya, mai babbar riga ya ce "ba na gaya muku ba, tsoro ne kawai." Sai abin ya zama al'ada. Ranar da ba a isa ba, shi yana ƙasa, shi ne ma zai fara rubuta ta'aziyya, kuma shi ne zai fara raɗa wa mutane cewa akwai hannun maƙiya.

Kada ku ɗauka ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma don kuna zaune a Kano ko Katsina. Tsaunin Mambila a Taraba, inda Gembu take, ya haura mita 1,500, kuma a can yankin ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, ga duwatsun Shere a gefenta. Duwatsun Mandara sun miƙe daga Gwoza zuwa Madagali da Michika da Mubi. Duk wuraren nan akwai ƙuri'a, duk za a je. Kuma mun taɓa ɗanɗanawa. Ranar 17 ga Satumbar 2006 jirgin sojan sama samfurin Dornier 228, wanda shi mai fukafukai ne, ya daki tudu a jihar Binuwai yana hanyar Obudu cikin mummunan yanayi, ƙasar nan ta yi asarar janar-janar da dama a safiya ɗaya.

Ga kuma namu hazon na hunturu, wanda kamfen ya saba faɗowa a cikinsa. Ranar 2 ga Fabrairun 2019, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, jirgin da ke ɗauke da mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya kife wajen sauka a Kabba ta jihar Kogi. Binciken hukuma ya nuna farfela ce ta tayar da ƙurar busasshen fili ta rufe wa matuƙa ido ana dab da taɓa ƙasa. Allah Ya kiyaye kowa ya fita da ransa. Filayen makarantun firamare da muke share wa jirgi, muna zuba farar ƙasa muna jera yara da tutoci a gefe, da me suka bambanta da na Kabba?

Wani zai ce to hanyoyin mota ba tsaro, ga masu garkuwa, ga ramuka, daga Jalingo zuwa Gembu kaɗai awoyi ne masu yawa ana hawan kwana-kwana, ya kake so a yi? Gaskiya ne, kuma ban ce a daina hawa jirgi ba. Cewa na yi a hau shi da sharaɗinsa. Wani kuma zai ce in oga bai zo ba abokan hamayya za su ɗauki hoton kujeru su ce taronmu ya watse. Su ɗauka mana! Kwana biyu za a yi ana dariya a manta. Taron da aka ɗage ana sake shi ranar Asabar mai zuwa. 'Yan Ghana fa, wace Asabar za ta dawo musu da ministocinsu biyu? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Don haka ga abin da nake kira a kai, kuma ina so shugabannin matasa na ƙananan hukumomi su kai shi duk inda ake zaman shirya tafiya.

Na farko, maganar matuƙi ita ce ta ƙarshe. In ya ce ba a tashi, ko ya juyo daga hanya, ba mai kiransa a waya, ba mai kai ƙararsa. A rubuta wannan a cikin yarjejeniyar haya, a kuma gaya masa baki da baki a gaban oga kafin a rufe ƙofa. Duk jami'in da aka kama yana matsa wa matuƙi, a cire shi daga harkar tafiye-tafiye.

Na biyu, duk tafiyar da za ta ratsa tsauni a yi ta da rana, a tsara ta da hanyar mota a ajiye, a kuma sanar da jama'a tun farko cewa yanayi na iya sauya lokaci. In akwai mafita a hannu, ba wanda zai ji dole sai an kutsa.

Na uku, kafin a biya kuɗin haya a tambaya: jirgin yana da na'urar gargaɗin dutse? An amince masa tuƙi da na'ura, kuma matuƙan suna da wannan shaidar? Akwai abin da ya lalace da ba a gyara ba? Na'ura ba laya ba ce, a haɗarin Kobe ma masu bincike sun ce da tana nan ba lallai ta cece su ba. Amma kamfanin da ya kasa amsa tambayoyin nan ya riga ya ba ka amsa.

Na huɗu, a daina loda shugabanni a jirgi ɗaya, a daina cusa na-hannun-dama a kan adadin da matuƙi ya yanke. Wanda bai samu kujera ba ya bi mota, ba a rage masa matsayi ba.

Na biyar, wannan kuma ga 'yan majalisarmu ne. Muna da hukumar binciken haɗurra, NSIB, wadda ta gaji AIB, kuma tana wallafa rahotanninta kan jiragen farar hula. Amma ƙa'idar ICAO ba ta hau kan jiragen soja ba, alhali su ne ke yawan ɗaukar manya. Jirgin sojan ruwa ne ya faɗi a Bayelsa ranar 15 ga Disambar 2012 da gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi. Jirgin sojan sama ne ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021 da babban hafsan sojan ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru. A cikin masu karanta wannan rubutu, wa zai iya gaya mana dalilin faɗuwar kowannensu da shawarwarin da aka bayar don kada a sake? Ghana jirgin soja ne, amma cikin wata uku an tsaya an yi wa 'yan ƙasa bayani. A yi doka: duk jirgin gwamnati da ya faɗi da mutane, a bayyana wa jama'a dalili da gyaran da za a yi, a cikin wa'adin da aka ƙayyade. Abin da ya shafi sirrin tsaro a cire, sauran haƙƙinmu ne, da kuɗinmu aka sayi jirgin.

Ku kuma 'yan uwana masu riƙe da waya, naku aikin ya fi sauƙi. In Allah Ya kawo irin wannan rana, ku yi ta'aziyya, ku riƙe yatsunku, kada ku tura hoton gawa, kada ku tura sunan wanda "ya yi". Ku rubuta ranar a wani wuri. Bayan kwana 30 ku fito ku tambayi rahoton farko, bayan shekara ku tambayi na ƙarshe, ku yi ta tambaya har a gaji da ku. In kuma wata rana kuna filin taro aka ce jagora ba zai iso ba saboda matuƙi ya ƙi tashi, kada in ji wani ya yi ihu. Ku tafa wa matuƙin, ku taya masu haya naɗe rumfa, mu haɗu a sabuwar ranar da aka sa.

Allah Ya tsare mana jagororinmu da na abokan hamayyarmu, a sama da ƙasa. Wanda ya karanta ya tura wa mai waya biyun nan na yankinsu.

Naku a kullum,
Shugaban Matasa.